Ƙullin Direba

Litinin, 4 ga Nuwamba, 7 na safe

Na ɗiga maganin a idon dama. Firdaus matar ɗana ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta lokacin da na ɗiga, don likitan da ya cire min yanar ido ya gani. Sau huɗu a rana. Har layi ta ja min da jan biro kamar ɗan firamare. Ni ban taɓa zama a aji ba. A tashar Funtua na koyi boko, a jikin kwalaye da buhunan mutane, amma shekara talatin da takwas ina tuƙa babbar mota zuwa Ikko ban taɓa kai saƙon wani gidan wani ba. Tunda takarda ta rage a ƙasan layin nata, zan rubuta abin da na ga dama.

Litinin, bayan la'asar

Na ɗiga.

Atine ta bugo waya. Ba ni ta bugo wa ba, ɗana Abdulfatah ta bugo wa. Ya shigo yana jujjuya wayar a hannu ya ce, "Baba, matar Baba Nababa ce. An sallamo shi daga asibiti."

Na ce to madalla, ya warke ke nan.

Ya ce, "Ba irin wannan sallamar ba ce."

Na ce ya rage na'urar sanyin nan, ƙafafuna sun sandare.

Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da biyu ba mu gaisa ba. Shi ya fara.

Talata, 5 ga Nuwamba, 7 na safe

Na ɗiga.

Na gaya wa Dakta gida zan tafi. Dakta shi ne Abdulfatah. Haka suke kiransa a jami'ar tasu, amma ko ciwon kai bai iya dubawa ba. Ruwan teku yake bincike a kai, wai yadda za a raba shi da gishiri. Wata uku ke nan da ya ɗauko ni ya ajiye a unguwar Ain Khaled, a ƙasar Larabawa, a ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba. Zai ji daɗin ganinka."

Na ce wa? Ni rufin ɗakin baya zan je in duba, yoyo yake.

Firdaus tana zuba shayi ta ce, "Baba, ai damina ta wuce."

Na ce wata za ta zo.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Ashe fita daga ƙasar nan ya fi shigowa wuya. Likita ya ce ba zan hau jirgi ba sai ya sake leƙa idon ranar Lahadi ya ba da takarda. Daga can muka wuce Al Mirqab, ofishin wata mai sayar da tikiti. Ta ce jirgin Kano na ranar Talata akwai wuri. Ta tambayi Dakta da Turanci, ina zaune a gabanta, ko a rubuta min keken turawa. Na gane kalmar da hannunta, don ta kwatanta.

Na ce ka gaya mata ni na tuƙa taya goma sha takwas, ba za a tura ni a kan biyu ba.

Bai gaya mata ba. Murmushi ya yi mata irin na wanda ya fito da akuya kasuwa tana turjiya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 7 na safe

Na ɗiga. Babu waya.

Alhamis, bayan magariba

Sun kwaso sikelin banɗaki sun kawo falo. Dakta ya hau shi kaɗai, ya sauka, ya rungumi akwati ya sake hawa, Firdaus ta durƙusa tana karanta lamba. Akwati biyu, kowane kilo ashirin da uku, ko goro ɗaya ba a ƙarawa. 'Yar wuƙata ta yankan farce wai ba za ta zauna a aljihuna ba, sai cikin babban akwati. Maganin ido kuma sai a leda mai gani har hanji. Sannan sun buga wata takarda mai igiya da zan rataya a wuya, da sunana da lambar waya, kamar ragon da aka sayar.

Zik ɗin akwati ɗaya ya saki, na ɗauko igiya na ɗaure. Firdaus ta yi ta ja, ta kasa kwancewa. Ta ce, "Baba, wannan wane irin ƙulli ne? Ina ja yana ƙara tsukewa."

Na ce ƙullin tampol ne, da shi muke ɗaure kaya a bayan mota. Hannuna bai san wani ba.

Da na faɗi haka sai na ji shayin da ke gabana ya fita raina.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

Labari ya bazu a masallaci cewa tsoho zai tafi gida. Kafin in nemo takalmana mutum huɗu sun tare ni. Haka ake yi, haka na taso na gani. Mai tafiya ba ya tafiya hannu sake. Mas'udu, ɗan Zangon Kumasi mai sayar da kayan miya a kasuwar Abu Hamour, wanda muke tsayawa sahu ɗaya, ya kawo kwali an naɗe shi da salatif ko'ina. Na 'yar'uwarsa ne da ke aure a Kano. Da yamma Liatu maƙwabciyarmu, 'yar Zonkwa, ma'aikaciyar jinya, ta kawo nata na mahaifiyarta. Ta ce, "Baba Direba, in ka cinye min cakuletin nan a hanya zan sani."

Na ce haƙoran da zan ci da su suna Funtua a ƙarƙashin ƙasa.

Saƙo bakwai. Na rubuta sunan kowa a jiki da hannuna, na jera su a ƙarƙashin gado. Tun zuwana ƙasar nan yau ne aka ba ni abu aka ce riƙe.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 11 na safe

Dakta ya gano su. Ya jawo su tsakiyar ɗaki ya tsaya a kansu.

"Baba, duk sai an buɗe."

"Wa zai buɗe?"

"Ni. Ko kai."

"Sunanka ne a jiki?"

"A filin jirgi ba ruwansu da sunan da ke jiki. Wanda kaya ke hannunsa shi ake riƙewa. Ƙwayar magani ɗaya da ba a yarda da ita ba ta isa a tsare ka."

"Ba a buɗe saƙo. Wanda ya ba ka a ɗaure, a ɗaure yake so ya isa."

"Wannan Mas'udun, ka san gidansu?"

"Na san sahun da yake tsayawa."

Ya dafe kai. Ya ce fasfona yana wurinsa har sai an buɗe. Fasfona, mai hotona. Yaron da na ɗauka a kafaɗa na kai rigakafi yana kuka.

Na ce to ajiye. Ban taɓa buɗe saƙon kowa ba, ba kuma a tsufana zan fara ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan azahar

Likita ya ba da takardar. Ya ce ido ya yi kyau, zan iya tafiya. Ba mu yi magana a mota ba, zuwa da dawowa.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 7 na safe

Na ɗiga.

Litinin, bayan la'asar

Atine ta bugo. Dakta ya sa muryarta a fili da gangan, ya ajiye wayar a kan tebur kusa da ni. Ta ce yau Nababa ya sha koko cokali uku. Ta ce ya tambaya ko an share zaure. Sannan ta ce, "Yaya yana kusa?"

Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Da na fito Firdaus ta ce, "Baba, gobe ne fa jirgin. Kwalaye ne kawai."

Na ce a wurinki.

Talata, 12 ga Nuwamba, 9 na safe

Jirgin ya tashi. Na ji ƙarar wani, ban sani ba ko shi ne. Ba ni na hana kaina ba, wanda ya riƙe fasfo shi ya hana.

Talata, bayan magariba

Na ɗiga. Ban taɓa buɗe saƙon kowa ba. A je tashar Funtua a tambaya. A je Agege a tambaya. Har da mai kwalin da ya yi wari a hanya, wanda duk mota ta ce in jefar, haka na kai shi.

Laraba, 13 ga Nuwamba, 11 na safe

Ba kowa a gidan. Na zauna ina kallon akwatunan. Yatsan hannun dama yana min zogi, wanda na sa wa zobe. Abincin ƙasar nan gishiri ya yi masa yawa, ga zama babu motsi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yarinyar nan Firdaus, shiru-shiru, ashe ta fi mijinta dabara. Ta bi masu saƙon ɗaya bayan ɗaya ta kira su shan shayi. Sai ganinsu na yi sun cika falo. Ta ce, "Baba ba ya buɗe saƙo, mun sani. Amma mai abu ai yana iya buɗe abinsa."

Mas'udu ya kwashe da dariya ya zaro wuƙar yankan kabeji. Ya ce, "Alhaji, don wannan ka bar jirgi? Da ka faɗa min ai tun ranar da na yanka shi. Khalas, shi ke nan." Ya farke salatif. Dabino, takalmin mata ƙafa biyu, turaren wuta, da wata 'yar tsana mai ido ɗaya a rufe. Liatu ta zazzage nata, cakuleti da safa da man zafi na gwiwa. Kowa ya buɗe, Dakta ya duba, kowa ya rufe da hannunsa. Ana ta raha. An ce min gwarzon amana.

Dakta ya kawo fasfo ya ajiye min a cinya da hannu biyu. Ya ce ya sami wuri a jirgin jibi Asabar.

Kowa ya ji daɗi. Wa ya ce ta kira su?

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 7 na safe

Na ɗiga. Idon yana min yaji.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

Na ce musu idon yana yaji, ina ganin hazo. Likitan ba ya zama ranar Juma'a, sai Lahadi. Na ce ba zan hau sama da ido a haka ba, in ya fashe a can wa zai ɗinka?

Dakta ya daɗe yana kallona. Sannan ya fita baranda da waya.

Atine ta ce Nababa ya sa an juya gadonsa ya fuskanci ƙofa. Ban tambaya ba, Firdaus ce ta faɗa wa bango.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 9 na safe

Wannan jirgin ma ya tashi.

Asabar, bayan la'asar

Liatu ta biyo daga aiki da fararen kayanta. Ta haska min ido da 'yar tocila, ta sa na kalli sama, na kalli ƙasa.

"Baba Direba, yatsu nawa?"

"Ban gani sosai."

"To waccan kalandar ta bango, wace rana aka zagaye da ja?"

"Ashirin da biyar."

Na faɗa kafin in yi tunani. Ranar da bizata za ta ƙare ce.

Ta ce, "Idon nan ya fi nawa gani." Ta kashe tocilar. Sai ta kama hannuna na dama ta juya. "Ga mara lafiyar nan. Yatsan ya kumbura, zoben ya nutse a ciki. In ka hau jirgi da shi haka zai ƙara hawa. Bari in cire maka."

Na fizge hannuna. Na ce ba a taɓa min shi.

Ta ce, "Na gado ne?"

Na ce ta gaida gida.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan magariba

Ban je wurin likita ba, ba wanda ya ce in je.

Dakta ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa, abin da bai yi ba tun yana saurayi. Ya ce, "Baba, ban san abin da ke tsakaninku ba, ban taɓa tambaya ba, yau ma ba zan tambaya ba. Amma in ba ka son tafiya ka faɗa, in daina wahalar da matar nan ta Al Mirqab. Kujera ɗaya ta rage a jirgin Alhamis. Ta riƙe min ita zuwa azahar ɗin Talata, ta ce in kawo suna. Na nemi izini a wurin aiki. In ba za ka je ba, ni zan je."

Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya ce, "Zan kai kwalayen mutane. Kai kuma in kana da saƙo gare shi, ka ba ni in kai."

Ya tashi ya fita. Ya ja min ƙofa a hankali, da ma bugawa ya yi.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 7 na safe

Na ɗiga.

Litinin, 11 na safe

Na taɓa buɗe saƙon wani. Sau ɗaya.

Litinin, bayan azahar

Tunda ba mai karanta ƙasan layin nan, likita lokaci kawai yake dubawa, bari in rubuta.

Lokacin Nababa yana ɗinki a Agege. Inna tana kwance a Funtua, jikin ya yi nisa. Daren da zan tashi da lodin masara ta kira ni ta miƙo min ƙunshi a tsohon ɗankwalinta. Ta ce, "Suraj, kai wa ƙaninka. Hannu da hannu." Inna tana da irin nata ƙullin, takan tura bakin ƙyallen ciki ya ɓace, ba ka ganin inda ya fara. Duk gidan ba wanda ya iya.

Tun daga Kontagora nake jin wani abu mai tauri a ciki. A Jebba muka tsaya cin abinci, na koma mota ni kaɗai. Goro biyar, 'yar kwalbar turare, hula. Da zoben azurfa na Baba.

Ni ne babba. Ni na wanke Baba. Ni nake kawo hatsin gidan tun ina shekara goma sha tara. Shi sunan Baba kawai ya ci, shi ya sa ake ce masa Nababa, shi ke nan aikin da ya yi. Na cire zoben na sa a aljihu, na mayar da sauran, na ɗaure.

Na same shi a shago da mutane. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ƙunshin, ya daɗe yana kallo. Bai ma buɗe ba. Ya ce, "Yaya, yaushe Inna ta koyi ɗaurin tampol?"

Mutane suka yi dariya, su a zatonsu wasa ne. Na ce ni kake zargi? Ni? Na faɗi maganganu. Na fita ban sha ruwansa ba. Kafin in koma Funtua an binne Inna. Ba wanda ya rage da zai ce ga abin da ke ciki, sai ni, sai shi da ta yi wa alkawarin zoben tun yana yaro.

Bai sake tayar da maganar ba. Ko a wurin zaman makoki. Da ya dawo Funtua da zama, layi biyu ne tsakaninmu, in ya hango ni yakan rage tafiya, ni kuma in sauya hanya. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa.

A Funtua ban taɓa sa zoben ba. Yana cikin gwangwanin taba a ƙasan adaka shekara ashirin da biyu. A cikin jirgin zuwa nan na sa shi, inda ba wanda ya san shi. Yanzu ya ƙi fita.

Na rubuta a farkon littafin nan cewa shi ya fara. Ban goge ba, biro ne.

Talata, 19 ga Nuwamba, 8 na safe

Na ɗiga. Na gwada sabulu. Na gwada man gyaɗa. Yatsan ya koma kamar rogo.

Talata, 11 na safe

Na ƙwanƙwasa ƙofar Liatu da kaina, yau ba ta da aikin safe. Ta buɗe tana ɗaure da zani, ta kalle ni, ta kalli hannun. Ta kawo kwano da ƙanƙara ta ce in tsoma, sannan in ɗaga hannun sama kamar mai neman izinin magana. Ta zaro zare mai ƙarfi ta zura ƙarƙashin zoben, ta naɗe yatsan tam har gaɓa, ta fara warwarewa daga ƙasa. Zoben yana tafiya kaɗan-kaɗan. Na ga taurari.

"Yi kuka in kana so, Baba Direba, ba zan faɗa a masallaci ba."

"Ke ja abinki."

"In ya ƙi, sai a yanka zoben."

"A yanka yatsan."

Ta ɗago ta kalle ni, ta ci gaba. Ya faɗo cikin kwanon ƙanƙara, ƙwal. Wurin ya yi fari, ya yi rami. Ta ce, "Wa za a ba?"

Na ce mai shi.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ta yi. Na ce ta buga min lambar Dakta, ni ban iya nemo ta a wayar nan ba. Ya ɗauka a tsorace. Na ce kujerar nan, ka ba da sunana.

Ya ce, "Idon fa?"

Na ce idon lafiyarsa ƙalau, kai ma ka sani. Ka gaya wa matar ta rubuta keken. Liatu ta ce masu keke ba sa bin layi.

Laraba, 20 ga Nuwamba, 7 na safe

Na ɗiga. Ba waya tun jiya. Firdaus ta ce rashin waya ma labari ne mai kyau. Ita ba ta san Atine ba, Atine in abu ya yi tsanani shiru take yi.

Laraba, 11 na safe

An sake hawa sikeli. Akwati ɗaya ya haura da kilo biyu. Dakta ya ce a rage dabinon Mas'udu. Na ce a'a, a cire babbar rigata da takalmin sanyi. An cire. Na rataya takardar wuyan da kaina don su ga ta yi daidai.

Na roƙi Firdaus hankici. Ta ba ni fari mai bakin shuɗi. Na sa zoben a ciki na zauna ina gwada ƙullin Inna. Sau shida. In na tura bakin ciki sai ya zame. Firdaus ta ce ta gwada min, na ce a'a.

Laraba, bayan la'asar

Na lissafa. Jirgi awa bakwai da wani abu. Fitowa daga filin Kano, a ce awa ɗaya. Kano zuwa Funtua awa uku in direban na kirki ne. Kafin nan kuma akwai yau gaba ɗaya. Da na hau na farko, yau kwanana takwas a gida.

Na ce wa Dakta ya kira Atine. Na ce ya ba ni wayar ya fita. Ya fita, ita ma Firdaus ta bi shi.

Ta ce, "Yaya?" Muryarta ta tsufa. Na ce sa masa a kunne.

Na ji numfashi, irin na mota a kan tudu da lodi.

Na ce, "Nababa, ni ne. Saƙon nan na Inna. Akwai ragowa a wurina."

Numfashi kawai.

Na ce, "A Jebba na buɗe."

Atine ta karɓa. Ta ce, "Yaya, tun shekaranjiya ba ya iya magana. Amma ya ji ka."

Na ce ta yaya kika sani?

Ta ce, "Ya ɗaga hannu. Tsaya. Yana yin wani abu da hannayen biyu, kamar mai jan igiya. Yana ja, yana ja." Sai ta ce, "Yaya, ina jin dariya yake yi."

Na ce ki gaya masa har yanzu ba shi da kunya.

Ta ce, "Ya sauke. Ya bar na daman a buɗe a kan bargo. Na mayar masa ciki, ya sake fito da shi."

Na ce ki bar masa a waje. Ki ce gobe bayan magariba. Ki ce Inna hannu da hannu ta ce.

Laraba, bayan magariba

Na ɗaure hankicin da ƙullin tampol. Ba wanda zan ɓoye wa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 6 da rabi na safe, filin jirgi

An karɓi akwatunan, kilo ya yi daidai. Dakta ya raka ni har inda ake tsayar da masu rakiya. Ya durƙusa gaban keken yana gyara min takardar wuya wadda ba ta karkace ba. Na dafa kansa. Na ce ruwan nan naka, in ka raba shi da gishirin ka aiko min in ɗanɗana.

A wurin bincike sun ce in fito da duk abin da ke aljihu in sa a tire. Jami'in ya ɗauki hankicin ya ja, ya ƙara tsukewa. Ya sake ja. Ya miƙo min ya yi alama in buɗe. Na buɗe masa, karo na biyu ke nan, wannan a gaban mutane. Ya kalli zoben ya ce khalas. Na mayar na ɗaure.

Kafin a karɓi wayar a sa a tire Atine ta bugo, ni ta bugo wa. Ta ce ya kwana. Ta ce hannun yana waje.

An fara kira. Mai tura keken wani dogo ne, tafiya yake kamar mai rakiyar amarya. Larabcina kalma ɗaya ce, ta a yi sauri, na gaya masa ita sau uku. Yalla.